Nono, Madara da Batun Rage Ƙiba

 

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin mai ƙiba zai ragu idan ya yawaita shan nono da madara? Tambaya ce mai nauyi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma hawan jini da ciwon suga na biye da su.

Maganar ta samo ƙarfi ne daga Amurka. A 2004 Michael Zemel na Jami'ar Tennessee ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi wa masu ƙiba 32. An rage wa kowa kalori 500 a abincinsa na yini har tsawon mako 24. Waɗanda aka ba su madara da yogot da cuku sau uku a rana sun zubar da kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda ba su samu sosai ba kuwa kimanin kashi 6. Masana'antar madara, wadda ita ta ɗauki nauyin binciken, ta cika ƙasar da talla cewa a sha sau uku a rana a ƙone kitse. A 2007, bayan wata ƙungiyar likitoci ta kai ƙorafi ga hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, aka janye tallar. Ni a ganina janyewar ta dace. Mutum 32 ba su isa a gina musu hukuncin da za a yi wa al'umma shela ba.

A 2012 masana daga Harvard suka tattara gwaje-gwaje 29 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,000. Abin da suka gano shi ne, idan mutum ya ƙara madara a kan abincin da ya saba, nauyinsa ba ya raguwa. Idan kuwa ya rage cin abinci, ya sa madara cikin ɗan abin da ya rage, akan ga ɗan amfani, amma a gwajin da ya kai shekara amfanin ba ya bayyana.

Ɗan amfanin nan yana da dalili. Kofi guda na madara na ɗauke da furotin kimanin giram 8, shi kuma furotin yana riƙe ciki, yana kuma taimakawa tsoka ta tsira lokacin da jiki ke ramewa. Sinadarin kalsiyam kan kama wani ɓangare na maiƙon abinci a hanji ya fita da shi ta bayan gida, sai dai abin kimanin giram 5 ne kawai a rana, wato kamar ƙaramin cokali guda na mai. Kofin nan kuwa, idan da maiƙonsa, kalori 150 ne. Ku auna da kanku.

Yanzu mu dawo gida, inda nake son in ɗan daɗe. Ku tsaya gaban mai fura da rana tsaka. Ta jefa curi biyu a ƙwarya, ta dama da ludayi, ta zuba nono, sannan ta ɗebo suga cokali uku, mai saye yana cewa a ƙara. Wannan abinci ne cikakke. Manomin da ya yini a kunya zai ƙone shi kafin la'asar. Ma'aikacin ofis kuwa yakan sha shi ne bayan ya ci shinkafa, wai don ya sauko da abinci. Haka abin yake a teburin mai shayi: rabin gwangwanin madara, suga, biredi da ƙwai soyayye, ƙarfe goma na dare. Yawancin yogot na roba ma an zuba masa suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babba ke sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorinsa, kimanin ƙananan cokula 12 ke nan a yini, kuma da yawa cikinmu kan cika su kafin azahar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da abin da Turawa ke biyan kuɗi su saya. Tsala, nonon da matan Fulani suka kaɗa suka cire man shanunsa, shi ne nono marar maiƙo, da furotin ɗinsa da kalsiyam ɗinsa. Muna raina shi don ya tsinke, muna neman kindirmo mai kauri, sannan mu malala man shanu a tuwo. Mai son rage teɓa ya sha tsala ko kindirmo ba suga, a madadin lemon kwalba ko a madadin abincin dare mai nauyi, ba ƙari a kansu ba. Idan fura ce, curi ɗaya, kuma ta zama ita ce abincin ranar.

Ga ma'aikatan lafiya ina da roƙo. Idan mai ƙiba ya zo, kada a tsaya a ce masa ya sha nono ko ya bari. A tambaye shi da me yake sha, yaushe, kuma me ya ajiye dominsa. A tuna masa ya tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda tarin fuka na shanu da cutar bakkale suna bin ɗanyar madara. Wanda madara ke kumbura masa ciki ya gwada nono mai tsami, ya fi sauƙin narkewa. Mai ciwon suga kuwa ya nemi shawarar likitansa kafin ya sauya tsarin cin abincinsa.