Auren Gida da Auren Bare a Wajen Tsire-tsire: Misalin Tumatir

Manomin rani da ke dashen tumatir a fadamun Kogin Sakkwato, tsakanin Gusau da Bunguɗu, ya san cewa in ya ajiye iri, abin da ya shuka shi zai tsiro, ba bambanci. Dalili kuwa shi ne furen tumatir auren gida ya ke yi, watau bununinsa a kan kansa ya ke zuba, ba ya bukatar bare.

Kakanninsa ba haka su ke ba. Asalin tumatir ƙasashen Peru da Ikwado da Cile ne, inda har yanzu akwai danginsa na daji kimanin iri goma sha biyu. Da yawa daga cikinsu sun haramta wa kansu auren gida: in bununin tsiro ya faɗa kan furensa, sai furen ya ƙi karɓa, dole a jira ƙudan zuma ya kawo na maƙwabci. Shaihun malami Charles Rick na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya fara yawon tattara su a 1948, ya lura da abin mamaki. A tsakiyar ƙasar da wani irin ke yaɗuwa, haramcin na nan daram, tsire-tsiren kuma sun sha bamban da juna. Amma can gefe, inda dangi ya yi ƙaranci, sai a tarar haramcin ya warware, fure ya ƙanƙance, kowane tsiro ya zama tamkar ɗan'uwansa. Larura ke nan, ba zaɓi ba.

Tumatirin gona ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Shi ya sa gadon da ya rage masa kaɗan ne ƙwarai, cutar da ta kama ɗaya kuwa sai ta share fadama. Ƙarfin jure wa tsutsar da ke kumbura saiwa, alal misali, daga wani tumatirin daji na Peru aka aro shi a shekarun 1940.

Ba sai an je Peru za a ga auren bare ba. Geron da a ke nomawa a Tsafe iska ke yi masa dillanci, don ɓangaren macen zangarniya ya kan riga bununi fitowa. Ladan haka shi ne gero mai jure wa fari da ƙasa maras ƙarfi. Kuɗinsa kuwa shibra ce, wadda ke kakkaɓe tsabarta tun kafin a zo girbi.