Kifi a kwarin Bune: mu auna ruwa kafin mu zuba iri



Iyayenmu, malamanmu, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana matasa maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Ni ɗanku ne, ɗalibi a jami'a. An ba ni ƴan mintoci, kuma maganar kifi zan yi.

Na san wani zai yi dariya a ransa. Kifi a Bune? Mu da aka sani da kanwa da mangul da dabino? To, ku yi haƙuri ku ji abin da ya same ni.

Wani hutun damina, mu huɗu muka haɗa ƴan kuɗinmu, muka sayo ƴaƴan tarwaɗa, muka haƙa rami a tsakiyar kwari inda ruwa ya fi kusa, muka zuba su. Kwana uku ba su cika ba, duk suka taso ciki sama. Wani cikinmu ya ce baki ne aka yi mana. Da na koma makaranta na ba malamina labari, tambaya ɗaya ya yi mini: «Kun auna ruwan?» Wallahi kunya ta kama ni. Ruwan kanwa muka zuba su ciki.

Abin da ya fi ciwo shi ne, amsar tana nan a rubuce tun da daɗewa. Malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da jami'o'in Beljiyam, sun yi shekaru suna bincike a kan kwarurrukan yankin Gure. Sun nuna cewa kwari ba iri ɗaya ba ne: akwai mai ruwa a fili, akwai mai matsakaicin zurfi, akwai wanda ruwansa ya yi nisa. Ko a cikin kwari guda, goruba na daga waje, dabino da garake na biye, kanwa kuwa a tsakiya take taruwa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba su dasa rogo a tsakiya. Mu ne muka yi gaggawa.

Kifi yana da nasa awo. Akwai ma'aunin da ake kira pH, mai nuna tsami ko kanwar ruwa. Tarwaɗa da karfasa sun fi jin daɗi tsakanin 6,5 da 9, ruwan kanwa kuwa yana iya wuce nan. Ƴar takarda ce ake tsomawa, ta canza launi. Da mun san da ita, da kuɗinmu ba su bi ruwa ba.

Me ya sa maganar ta shafe mu? Bandar da muke ci, mafi yawanta daga tafkin Cadi take zuwa. A 2015, da aka hana kamun kifi da cinikinsa a jahar Difa saboda rashin tsaro, masu cefane sun ji a jikinsu. Nan kusa da mu, tafkin Gidimuni yana ba da kifi, amma kacalla tana cin bakinsa. A gida kuma, tudun rairayi na sauka kan kwari, matasa na kama hanyar Libiya da Jado. Idan kwari ya rufe, ba kifi kaɗai muka rasa ba, har dabinon da garkar.

Yau muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, da Jami'ar Difa da aka kafa a 2014. Ɗalibansu kowace shekara suna neman wurin da za su yi binciken ƙarshen karatu. Amma ɗalibi zai zo ya yi sati biyu ne ya koma. Wanda ya san yadda ruwa yake a watan Afrilu, lokacin da rana ta ƙone komi, mu ne.

Don haka ga roƙona ga ƙungiya. Mu zaɓi kwari biyu ko uku, mu kafa sanda mai zane a cikin ruwa. Kowace Juma'a bayan an sauko, mutum biyu su je su duba tsayin ruwan, su tsoma takardar awo, su rubuta a littafi, da boko ko da ajami. Idan shekara ta zagayo, mu ɗauki littafin mu kai wa malaman jami'a da ma'aikatan gandun daji, mu ce: ga ruwanmu, wane kifi zai rayu a ciki, a wane wata za a zuba? Idan sun ce wannan kwari ba zai yi ba, mu yarda. Sannan kafin nan, mu ci gaba da kafa shingen kalimbo a kan tudu, don ramin da rairayi zai cike ba ya riƙe kifi.

Ƙannena da ke kamun kifi da sange idan tafki ya kawo, don Allah ku bari. Sange ba ya barin ko ɗan da zai hayayyafa baɗi. Ruwan nan amana ne, na bayanmu ma suna da haƙƙi a ciki.

Littafin farko ni zan saya, in sha Allahu. Sunayen masu zuwa awo kuma, a ba sakatare kafin a watse.

Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.