Zoɓo, Kanwa da Sodar Sabulu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in yi magana a kan kimiyya sai da na yi dariya, domin yau shekara goma ke nan aikina bai wuce fayil da biro ba. Amma akwai darasi guda da har yanzu bai bar ni ba.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da takardar litmos ta ƙare a ɗakin gwaji. Malaminmu na kemistiri, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya aika aka sayo zoɓo da kanwa da lemon tsami. Ya jiƙa zoɓon ya raba kofi biyu. Wanda ya matsa wa lemo ya ƙara ja wur, wanda ya jefa wa kanwa ya rikiɗe ya yi kore mai duhu. Ya ce lemon asid ne, kanwa kuwa alkali. Sai wani daga bayan aji ya ce, "Malam, na wace kotu?" Ashe kalmar daga Larabci take, tana nufin tokar tsirrai, wato dangin ruwan tokar da kakanninmu ke dafa sabulu da shi.

Asid yana sakin ƙwayoyin haidurojin a cikin ruwa, alkali yana karɓe su. Ma'aunin pH, wanda Sorensen ya fito da shi a Danmak a 1909, yana tafiya daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, lemon tsami wajen 2, sodar da ake yin sabulu da ita kuwa 13 zuwa 14. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka tazarar da ke tsakanin kanwar miya da soda ba ƙarama ba ce.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Matan gidajenmu da yawa sun koyi haɗa sabulu, sana'a ce mai kyau. To amma idan aka narkar da soda, ba ta da launi, ba ta da wari, sai ka rantse ruwa ne. Bara ɗan maƙwabcina, ɗan shekara uku, ya tarar da ita a gorar ruwa ya kurɓa. Kowa yana tsoron ruwan batir don an san asid ne, amma an raina alkali, alhali shi narkar da tsoka yake yi, yana ratsawa ciki. Bayan 'yan makonni maƙogwaron yaron ya tsuke, ko koko ba ya wucewa. Har yau ana kai shi asibiti.

Da na isa gidan a ranar, na iske wata tana matsa lemon tsami za ta ɗura masa, wai a makaranta an ce asid yana kashe alkali. Gaskiya ne, Malam ya koya mana, amma a cikin kwalbar gwaji. Ya kuma sa mun taɓa kwalbar mun ji ta ɗau zafi. Wannan zafin a maƙogwaron yaro zai fita, ƙuna kan ƙuna. Kada a ba shi lemo, kada a ɗura masa manja, kada kuma a sa shi amai, don sodar za ta sake bin hanyar da ta ƙona. A kurkure masa baki, a garzaya asibiti da shi tare da gorar. In fata ko ido ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20.

Shugaba, ina roƙon ƙungiya ta buga wannan a takarda guda da Hausa, mu raba a wuraren da ake koya wa mata sana'a. Ni zan biya kuɗin bugun, in Malam zai duba mana rubutun.