Littafin Da Sarki Ya Ƙone

Karatunmu na yau daga Irmiya sura 36 ne.

Shekara 23 annabi Irmiya ya yi yana wa'azi da baki, tun zamanin sarki Yosiya, kafin Allah ya umarce shi ya tattara maganar duka cikin littafi ɗaya. Bai ma riƙe alƙalami da kansa ba. Yana faɗa, Baruk ɗan Neriya yana rubutawa. Da aka karanta wa sarki Yehoyakim, sai ya riƙa yanka littafin da wuƙa yana jefawa a wuta, har ya ƙone ƙurmus.

Da yawa cikinmu, fastoci, masu bishara da matan zumunta, muna da tunanin shekaru a rubuce a ƙasan akwati, gara tana ci. Muna tsoro kada a yi mana ba'a. To, wa zai yi mana abin da ya wuce na Yehoyakim? Wanda hannunsa yake rawa ya nemi nasa Baruk, ko da jikansa ne ɗan makaranta.

Irmiya kuwa sabon littafi ya ɗauko, suka sake rubuta kome daga farko, har da ƙari.