Zaman Majalisa: Bel Ɗin Da Ya Tsayar Da Abincin Gidanmu

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, gareji za mu shiga.

Watan jiya Golf ɗin Babanmu, wadda yake jigilar Kano zuwa Zariya da ita, ta mutu a titin Katsina Road, nan Fagge. Kwana uku kacal da canza mata taimin bel. Kwana huɗu tana ajiye, kuma wallahi gidanmu idan motar nan ba ta fita ba, tukunya ba ta hawa wuta.

Muka tura ta wurin wani dattijon bakanike a Sabon Gari. Yana buɗe murfin ya ce, "Ɗana, bel ɗin sabo ne, ɗaurin ne bai yi ba." Ni da digirina, tsuru na yi.

To ga abin da na koya. Wannan bel mai haƙora shi ke haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul su buɗe su rufe daidai da motsin fistin. Karanshaf ya juya sau 2, kamshaf sau 1. Idan bel ya yi sako-sako, sai ya tsallake haƙori, lissafin ya rikice; a injina da yawa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Idan kuma an ɗaure shi tamau, za ka ji yana kuka siriri, yana cin boris ɗin tenshina.

Ga yadda Baba ya yi. Ya bari inji ya huce, ya daidaita makin da ke jikin fulin, ya sassauta notin tenshina, ya matsa ta a hankali. Sai ya kama bel a tsakiyar inda ya fi tsawo da yatsu biyu, ya murɗa. A tsohuwar Golf, da ƙyar ya kamata ya kai kwata, wato digiri 90. Ya ɗaure noti, ya juya inji da hannu zagaye 2, ya sake duba maki kafin ya taɓa makulli. Allah Ya taimake mu, bawul ɗinmu ba su lanƙwashe ba.

Amma a kula fa, ba kowace mota ake yi wa haka ba. Tsohuwar Honda Accord sifirin ke ja mata bel, Peugeot 504 mai fetur kuwa sarƙa ce da ita.

Abin da ya tsaya mini a rai: yaron da ya ɗaura bel ɗin farko ba mugu ba ne, ba a koya masa zagaye biyun nan ba ne. Oga, ka koya wa yaranka dalili, ba aike kaɗai ba. Mu kuma masu kwali, mu rage raina mai baƙin mai a riga. Ni dai Asabar ɗin nan zan koma wurin Baba da sifana a hannu. Wa zai raka ni?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.