Allurar Ƙiba a Kiwon Turka

Yau maganarmu a kan ragon layya ce da san turka.

Idan Babbar Salla ta matso, za ka ga masu tallar magani a kasuwar Mai'adua da sauran kasuwanninmu, suna cewa allura ɗaya za ta cika maka rago cikin mako biyu. Waɗansu daga cikin alluran nan irin sinadarin ƙarfin namiji ne da aka haɗa a masana'anta, kamar wanda ake kira nandrolone. Yana ƙara tsoka, wannan gaskiya ne. Amma ka ji sauran labarin.

A shekarar 2012 waɗansu masana a ƙasar Brazil suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ɓeraye da nandrolone. Da suka duba jini, da hanta, da ɓargo, da ƙwaƙwalwa, da 'ya'yan maraina, sai suka tarar ƙwayoyin gado sun sami rauni. Ƙwayoyin gadon nan su ne ke ɗauke da tsarin halittar dabba, su ne ɗa yake karɓa daga uwa da uba. To, ɓera ba rago ba ne, na sani. Amma maraina fa, malam? Nan ne irin garkenka yake. An kuma daɗe da sanin cewa irin wannan allura tana rage maniyyin namiji. Wanda ya yi wa ragon barbara ita, yana iya wayar gari tumakinsa ba ciki.

Ga kuma naman, wanda kai da iyalinka da maƙwabta za ku ci. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ƙiba da irin waɗannan magunguna.

Akwai wata kuma, dexamethasone. Ita ba ta wannan dangin ba ce, maganin kumburi ce, kuma tana sa saniya mai tsohon ciki ta yi ɓari.

Ragonka ba ya bukatar ko ɗaya. Ka fara turka da wuri, kamar wata uku kafin Salla. Ka soma da maganin tsutsar ciki, sannan harawar gyaɗa ko ta wake, da dusa, da ɗan angurya, da kanwa, da ruwa mai tsabta a inuwa. In an kawo maka kwalba, kada ka bari a tsira wa dabbarka sai ka kai wa malamin dabbobi ya karanta abin da ke jikinta.