Dutsen Farar Ƙasa da Neman Man Fetur a Kwarin Rima



Tun daga shekarar 1956 da aka tono man fetur a Oloibiri, kusan kowace jiha ta Nijeriya tana fatar a wayi gari a ce ita ma an same shi a ƙasarta. Fatar ta ƙara ƙarfi a Arewa bayan da Jamhuriyar Nijar ta buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, da kuma bayan da aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gwambe, a 2019. A Birnin Kebbi da Argungu akwai wata hujja da akan kawo. Akan ce mafi yawan man ƙasashen Larabawa a cikin dutsen farar ƙasa yake kwance, ga shi kuwa irin wannan dutse yana nan shimfiɗe ƙarƙashin Kwarin Rima, saboda haka lalle mai yana nan. Maƙasudin wannan lacca shi ne a auna wannan hujja, a ga inda ta tsaya da ƙafarta da inda ta gaza.

Asalin Dutsen Farar Ƙasa

Abin da Bahaushe ya sani da suna farar ƙasa, wadda ake shafe ɗaki da ita, da alli na rubutu a allon makaranta, da ɓawon katantanwa da na ƙumba, kusan duk jinsi ɗaya ne a wurin masana duwatsu. Sinadarin da ya haɗa su shi ne wanda ake kira kabonet. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa: in aka ɗiga masa ruwa mai tsami ƙwarai, kamar ruwan batir, sai ya yi kumfa.

Sauran duwatsun da ke kwanciya hawa-hawa, kamar dutsen rairayi da na laka, gulabe ne ke kwaso su daga tudu su zube a kwari. Shi kuwa dutsen farar ƙasa a wurin da yake aka haife shi. Yana samuwa ne a teku marar zurfi, mai ɗumi, mai garau, inda ƙananan halittu ke gina ɓawo. In sun mutu ɓawon ya taru a ƙasan teku, wani kan wani, har shekaru dubbai su mai da shi dutse. Saboda haka duk inda aka ga wannan dutse da kauri, to, shaida ce cewa teku ta taɓa kwana a wurin.

Ta kuwa kwana a nan. Kwarin Rima gefen kudu maso gabas ne na wani babban kwari da masana ke kira Iwillimedan, da sunan wani reshe na Buzaye, wanda ya ratsa Nijar da Mali har ya taɓo Aljeriya da Binin. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce wani hannun teku ya malalo daga arewa ya ratsa inda Sahara take a yau, ya ja da baya, sa'an nan ya sake dawowa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A zuwan farko ya bar laka da farar ƙasa 'yar kaɗan, waɗanda ake kira shimfiɗar Dukamaje. A cikinsu aka sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, watau ƙadangaren Goronyo. A zuwa na biyu ya bar lakar Dange, a bisanta kuma farar ƙasar Kalambaina, wadda ke cike da ɓawon dodon koɗi na teku da murjani da makamantansu. Bayan teku ta janye gaba ɗaya sai gulabe suka lulluɓe wurin da rairayi da yumɓu, shi ne shimfiɗar Gwandu. Tuddan nan masu shafaffen kai da hular marmara da ake gani a kewayen Birnin Kebbi da Argungu, duk na shimfiɗar Gwandu ne. Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi aiki mai yawa a shekarun 1970 wajen tsara bayanin waɗannan shimfiɗu.

Yadda Dutse Yake Riƙe Mai

Mutane da yawa suna zaton man fetur tafki ne a ƙarƙashin ƙasa, kamar ruwa a rijiya. Ba haka ba ne. Man yana cikin jikin dutsen ne, a ƙananan kafofi, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soson wanka. Abu biyu ake aunawa. Na farko yawan kafofin, domin shi ke nuna yawan abin da dutsen zai ɗauka. Na biyu ko kafofin sun zarce da juna, domin shi ke nuna ko abin da ya shiga zai iya fita. Duk manomin fadama ya san wannan bambanci. Laka tana shan ruwa da yawa amma ba ta sakinsa, shi kuwa rairayi da an haƙa shi sai ruwa ya tsattsafo.

A nan ne dutsen farar ƙasa ya sha bamban da dutsen rairayi. Kafofin rairayi suna tsakanin tsaba da tsaba ne, kuma galibi halinsu ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Farar ƙasa kuwa ba ta zama yadda aka haife ta. Ruwan sama mai ɗan tsami yana narkar da ita, ya buɗe ramuka, wani lokaci har koguna. Wani ruwan kuma yakan zo ya toshe kafofin da sabon sinadari, kamar an zuba siminti. Wani lokaci ruwan gishiri mai ɗauke da maganiziyam yakan juya ta ta koma wani dutse da ake kira dolomait, wanda sau da yawa ya fi ta kafofi. Motsin ƙasa kuma yakan tsattsaga ta, tsagar ta zama hanyar mai. Dalili ke nan da ya sa a kan dutse ɗaya za a haƙa rijiya ta yi ambaliya, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata a tarar da ita ƙaƙas. Masu haƙar mai suna son wannan dutse, suna kuma tsoronsa.

Suna sonsa ne domin fiye da rabin man da aka tabbatar a duniya a cikinsa yake. Man da aka fara samu a Iran a 1908, da na Kirkuk a Iraƙi a 1927, duk daga farar ƙasa suka fito. Filin Gawar na Saudiyya, wanda aka gano a 1948, tsawonsa kimanin kilomita 280 ne, faɗinsa kimanin 30, kuma babu filin mai na kan tudu da ya kai shi. Matattararsa farar ƙasa ce mai shekara kusan miliyan 150. Shi kuwa man Neja Delta da na Agadem a Nijar, a dutsen rairayi suke.

Misalin da ya fi kusa da Kwarin Rima shi ne na Libiya. A kwarin Sirte, filin Zaltan da aka gano a 1959 da filin Intisar da aka gano a 1967, dukansu a farar ƙasa suke, kuma ta Intisar sa'ar ta Kalambaina ce. Rijiyar farko ta Intisar ta ba da fiye da ganga 40,000 a rana. Wanda ya ji wannan ba za a ga laifinsa ba in ya ce to, me ya hana Kabi? Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Sharuɗɗa Biyar

Kafin a sami man da zai biya kuɗin haƙarsa, sai abubuwa biyar sun haɗu, kuma a kan kari.

Na farko, uwar mai: baƙar laka mai cike da ragowar ƙananan halittun ruwa, wadda aka binne kafin ta ruɓe. Na biyu, zafi: sai an dafa wannan laka a zafin da ya kai tsakanin digiri 60 da 120 na tsawon miliyoyin shekaru. Da yake zafin ƙasa yana ƙaruwa ne da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, galibi sai lakar ta nutse kilomita 2 zuwa 4 kafin ta dahu. Na uku, matattara: dutse mai kafofi da man zai ƙaura ya shiga. Na huɗu, murfi: dutse marar kafa, kamar laka ko gishiri, da zai hana shi wucewa sama, domin mai ya fi ruwa sauƙi, kullum hawa yake nema. Na biyar, tarko: lanƙwasar dutse mai kama da kifaffiyar ƙwarya, inda man zai taru wuri ɗaya.

Ana iya kwatanta abin da girki. Farar ƙasa akushi ce kawai. Samun akushi mai kyau a gida bai nuna an ɗora tukunya ba.

In aka ɗora Kwarin Rima a kan wannan ma'auni, ga abin da ke fitowa. Farar ƙasar Intisar tana ƙarƙashin ƙasa kusan kilomita 3, kaurinta ɗaruruwan mita ne, a ƙarƙashinta akwai baƙar laka da ta dahu, a bisanta kuma murfi. Ta Kalambaina kuwa a fili take kusa da Sakkwato, har ana fasa ta da katafila. Kaurinta a rijiyoyin burtsatse bai wuce mita 20 da 'yan kai ba, a Birnin Kebbi kuma kimanin mita 18 ne. Ta karkata kaɗan zuwa arewa maso yamma ta shige ƙarƙashin shimfiɗar Gwandu, amma zurfinta bai fi 'yan ɗaruruwan mita ba. Dukan shimfiɗun da ke ɓangaren Nijeriya na wannan kwari, in aka haɗa su, a mafi yawan wurare ba su kai kilomita 2 ba kafin a tarar da tsohon dutsen gindi. Gwaje-gwajen da aka yi wa lakar Dukamaje da ta Dange sun tabbatar cewa galibinta ɗanya ce, wuta ba ta kama ta ba. Akushi yana nan, murfi ma akwai ɗan abin da ba a rasa ba, amma murhu ne bai yi zafi ba.

Wannan ba ya nufin a rufe bincike. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta keɓe kashi 30 cikin 100 na wani ɓangare na ribar kamfanin mai na ƙasa domin bincike a kwaruruwan da ba a gama dubawa ba, kuma Kwarin Sakkwato yana cikinsu. Abin da hankali ke so shi ne a bi mataki: a fara da awon maganaɗisu da na nauyin ƙasa don a gano inda kwarin ya fi zurfi, a bi da awon amsa-kuwa wanda ke zana shimfiɗu, sa'an nan a haƙa rijiyar gwaji. Wanda ya ba jama'a albishir kafin rijiya ta yi magana ya ci bashin da ba shi zai biya ba.

Arzikin da Ke Hannu

Ilmin da ke nuna cewa mai yana da wuya a nan, shi ne kuma ke nuna abin da ke akwai. Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a Kalambaina a 1967, yanzu kuma yake ƙarƙashin kamfanin BUA, wannan dutse yake ci. Masana'antar siminti ta Malbaza a Nijar ita ma daga farar ƙasar wannan tsohuwar teku take ɗiba. Lakar Dange da ta Dukamaje suna da jifsam da ake haɗa siminti da shi, akwai kuma duwatsun fosfet na takin zamani.

Mafi girma duka shi ne ruwa. Kafofin da ba su sami mai ba, ruwa ya cika su. Ramukan da ruwan sama ya narkar a farar ƙasar Kalambaina, da lakar Dange da ta tare su daga ƙasa, su ke ciyar da rijiyoyi da idanun ruwa a ƙauyukan da ke kan dutsen. Rairayin Gwandu kuma, da yake yumɓu ya rufe shi, ruwansa a matse yake. Binciken da masanan Amurka, Anderson da Ogilbee, suka yi tare da Hukumar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, wanda aka buga a 1973, ya bayyana yadda rijiyoyin burtsatse a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi suke fitar da ruwa da kansu ba tare da famfo ba. Matattara ke nan, da murfinta, da matsinta, daidai da yadda littattafan man fetur suka siffanta. Ƙwai a baka kuwa ya fi kaza a akurki.

Amma fa wannan arziki yana da rauni. Rijiyar da aka bari tana kwarara dare da rana ba a sa mata makulli ba, matsin ƙasa take zubarwa, kuma maƙwabtanta ne za su fara ganin ruwansu ya ja baya. Ita kuma farar ƙasa ba ta tace ƙazanta kamar rairayi. Abin da aka zuba a bola ko masai a kanta yana iya bin tsaga ya isa rijiya cikin ɗan lokaci.

Kammalawa

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masu sauraro. Ma'aikacin da ke sa hannu a kwangilar haƙa burtsatse yana da ikon ya ƙi biyan kuɗi sai ɗan kwangila ya kawo takardar da ta nuna irin ƙasar da aka ratsa, mita bayan mita, da zurfin da aka sami ruwa, a kuma adana ta inda mai bincike zai same ta. Kowace rijiya ido ce da aka buɗe a cikin ƙasa, kuma an riga an biya kuɗinta. In aka tara irin waɗannan takardu daga Argungu da Gwandu da Jega da Birnin Kebbi, za a sami taswirar da mai neman ruwa da mai neman mai duk za su buƙata. Ɗalibai kuma, musamman na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Aliero, dakalin karatunsu yana bakin ƙofa: mahaƙar Kalambaina da tuddan Gwandu. Ya kamata masu nazarin duwatsu da masu nazarin Hausa su zauna tare su daidaita kalmomi irin su matattara da murfi da tarko, domin manomi da kansila da ɗan majalisa su iya tambayar duk wanda ya zo da labarin mai: ina uwar man take, zurfinta nawa, kuma wace rijiya ce ta shaida?